HandBrake: manhajar da nake bi da bidiyo bayan na sauke shi, kafin in fara editin

Jama'a masu harkar editin, musamman ƙannena da suka shigo sana'ar nan kwanan nan, akwai kukan da kullum sai na ji daga bakinku, wai mutum ya sauke bidiyo daga intanet lafiya lau yana kallonsa a waya ko a VLC ba matsala, amma da ya jefa shi cikin edita, wato manhajar editin irin su Premiere, sai abu ya rikice. Wani ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, wani ya buɗe hoto babu murya, wani kuma wanda ya fi cin rai shi ne a farko baki da murya suna tafiya tare, kana zuwa tsakiya sai ka ga malam ya rufe baki amma muryarsa na ci gaba da karatu. Daga nan sai a ɗora wa laftof laifi ko a ce Premiere ɗin ce ta lalace a sake sakawa. Mafi yawan lokaci ba laftof ba ce ba kuma edita ba ce, fayil ɗin ne ba a yi shi don editin ba, an yi shi ne don kallo. Abin da nake gyara wannan da shi sunansa HandBrake, kuma yau shi nake so in yi muku bayani a kansa, da kyansa da kuma inda yake gajiyar da mutum.

Kyauta ne, kuma ina nufin kyauta na gaskiya ba irin wanda za ka yi kwana bakwai a ce ka saka kati ba. Babu talla a ciki, ba ya manna tambarinsa a jikin aikinka, ba ya ce maka minti biyar kawai za ka iya juyawa sai ka biya. Wani Bafaranshe ne mai suna Eric Petit ya fara shi a 2003, a lokacin ma don kwafe faifan DVD zuwa kwamfuta aka yi shi, daga baya masu sa kai suka ɗauka suka ci gaba, kuma sai a Disamba 2016 suka fitar da abin da suka kira 1.0, wato shekara 13 ana aiki a kansa kafin su yarda su ce ya nuna. Yana hawa Windows da Mac da Linux. Alamarsa abarba ce da kofin lemo a gefe, in ka ga wani abu daban to ba shi ba ne. Kuma don Allah a shafinsu na handbrake.fr kaɗai za ku ɗauko, kar ku karɓa a filash ɗin wani ko a shafukan nan masu maɓallin sauke guda biyar. Su kansu a watan Mayun 2017 an taɓa kutsawa ɗaya daga cikin sabobin da ake sauke na Mac aka musanya shi da mai ƙwayar cuta na 'yan kwanaki, suka fito suka sanar da duniya, to in hakan ta iya faruwa a gidansu ina ga shafin da ba ka san mai shi ba.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, HandBrake ba ya sauke bidiyo. Ba inda za ka liƙa masa linki. Aikinsa juyawa ne kawai, sai ka kawo masa fayil a hannu. To bari in ɗan tsaya kan saukewar tunda rabin matsalar daga nan take farawa.

Ni yawancin aikina karatuttuka ne da tafsirin azumi da ake haskawa kai tsaye a Facebook, sai walima da taruka, sai a ce a yanko wurare a yi gajeru na TikTok da sitatus. Masu irin wannan aikin ku lura, tun Fabrairun 2025 Facebook suka sanar cewa bidiyon kai tsaye kwana 30 kawai zai yi su goge shi, wato tafsirin ranar ɗaya ga azumi in ba ka sauke ba, kana shan ruwan sallah ya tafi. Saboda haka saukewa ta zama dole ba kwalliya ba. Na YouTube kuma in tasharka ce, YouTube Studio na ba ka damar sauke naka amma ba ya wuce 720p, in kana son ainihin wanda ka ɗora sai ka bi ta Google Takeout, sai dai ka tanadi data da haƙuri. Ga wanda bai tsoron baƙin allo na rubuta umarni, akwai yt-dlp, shi ma kyauta, ya samo asali ne daga youtube-dl, kuma yana gane shafuka sama da dubu. Shi ne ya fi ba ni abin da nake so saboda yana nuna maka duk nau'ukan da shafin ya ajiye ka zaɓa da kanka. Sai ka haɗa masa da wata manhajar mai suna FFmpeg fa, domin YouTube a manyan kwaliti hoto daban suke ajiyewa murya daban, FFmpeg ne ke ɗinke su, wannan ne ma dalilin da ya sa wasu ke sauke 1080p su tarar da shi kurma.

Maganar haƙƙi kuwa ba zan tsallake ta ba. Dokar YouTube ba ta yarda ka sauke bidiyon wani ba sai ta hanyar da su suka bayar, kuma ko ba dokarsu, mutum ya kashe kuɗinsa ya ɗauki fim ko waƙa, kai ka sauke ka yanka ka manna sunan shafinka, wannan cin gumin wani ne, mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai a Kano. In aikinka ne, ko na wanda ya ba ka aiki, ko mai shi ya yi maka izini, bismillah. In kuma hotunan cike gurbi kake nema irin na gari ko ruwan sama, ga Pexels da Pixabay nan an ajiye su don a ɗauka.

To me ya sa bidiyon da aka sauke yake wahalar da edita? Abu uku ne a iya abin da na gani. Na ɗaya, sunan da kake gani a ƙarshen fayil, MP4 ko MKV ko WebM, mazubi ne kawai, abin da ke ciki shi ne magana. YouTube na amfani da salon matse hoto mai suna H.264 har zuwa 1080p, daga nan zuwa sama sai VP9 ko AV1, muryar kuma sau da yawa Opus ce. Waɗannan suna rage cin data sosai shi ya sa suke son su, amma tsohuwar laftof Core i5 irin wadda yawancinmu muka saya ta hannu, in ka ba ta AV1 a taimlayin, wato layin da ake jera bidiyo a yanka a cikin edita, za ka ji fankarta na ihu hoto na tafiya da ƙyar, Premiere kuma ba ta buɗe WebM sai an ƙara mata wani abu. Na biyu, bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firem, kuma don a matse shi ba kowane firem ake ajiyewa cikakke ba, ana ajiye cikakke ɗaya sai masu bin sa a rubuta abin da ya canza kawai, to wajen kallo daga farko zuwa ƙarshe ba komai, amma kai mai editin da kake ja gaba ka dawo baya, duk inda ka tsaya sai kwamfuta ta koma ta nemo cikakken ta lissafo zuwa inda kake, shi ne wannan ƙamewar da kake gani.

Na ukun shi ne babba, kuma saboda shi ne ma na rubuta wannan dogon bayanin. Wayoyi da manhajojin naɗar allo da bidiyon kai tsaye sau da yawa ba sa tsayawa a kan adadin firem ɗaya a daƙiƙa. Waya za ta ce maka 30 take ɗauka, amma in haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta sauko, in sabis ya yi rauni lokacin haskawa sai firem ya zube, ita kuwa murya tana tafiyarta ba ta jiran kowa. Edita kuma ya ɗauka kowace daƙiƙa adadinta ɗaya ne, sai ɗan bambancin ya yi ta taruwa, a minti biyu ba za ka lura ba, a karatun awa biyu kuwa kafin a kai addu'ar rufewa baki ya yi gabas murya ta yi yamma. In kana son ka tabbatar, akwai wata 'yar manhaja MediaInfo, ita ma kyauta, ka buɗe fayil ɗin a ciki ka duba layin Frame rate mode, in ka ga an rubuta Variable to ga ɓarawonka nan.

A nan ne HandBrake ya ci kuɗinsa, duk da ba a biya ba. Ga yadda nake yi da tafsiri in na sauke. Ina jawo fayil ɗin in sake shi a kan manhajar, ta ɗan karanta shi. A shafin Summary in tabbatar MP4 ne, in saka alama a Align A/V Start. Sai in wuce shafin Video, a nan duk aikin yake: in zaɓi H.264, a wajen Framerate in saka 30 in da waya aka ɗauka, ko 25 in kyamara ce da aka saita irin ta talabijin ɗinmu, sannan a ƙasansa akwai zaɓi biyu, Constant Framerate da Peak Framerate. Wallahi wannan ɗan ɗigon da za ka matsar zuwa Constant, mai tsayar da adadin firem wuri ɗaya, shi ne maganin ciwon gaba ɗaya, kuma abin haushi saitin da manhajar ke buɗewa da shi, Fast 1080p30, a kan Peak yake, shi ya sa wasu za su ce maka ai sun bi da shi ta HandBrake amma ba abin da ya canza. Ba su taɓa ɗigon ba ne.

Wani abin da nake ƙauna a ciki shi ne Range da ke sama. Ba dole ka juya awa biyu duka ba in abin da kake so tambaya da amsa ne na ƙarshe, sai ka canza shi daga Chapters zuwa Seconds ka rubuta daga awa ɗaya da minti 40 zuwa ƙarshe, shi kenan iya nan zai yi maka. Kuma kafin ka saki aikin gaba ɗaya akwai Preview, ya juya maka daƙiƙa 30 ka kalla ka ga ko ya yi. Ku riƙa amfani da shi don Allah, ya fi ka jira awa guda sannan ka tarar ba haka kake so ba.

In kuma aikin mai nauyi ne, irin wanda za a yi masa gyaran kala da yanka da yawa, ku duba cikin jerin saitukansa akwai rukunin da suka kira Production. Waɗannan don masu editin aka yi su musamman, firem ɗinsu a tsaye yake tun asali ba sai ka taɓa komai ba, kuma suna yawaita cikakkun firem ɗin nan da na faɗa, sai ka ji taimlayin ya yi laushi kana ja yana bin ka. Kuɗin da za ka biya shi ne wuri, fayil ɗin zai kumbura ya ninka na asali sau da yawa, in had-dis ɗinka ya kusa cika kar ka fara. A cikin rukunin akwai Production Proxy 540p, wannan ƙaramin kwafi ne mara nauyi da za ka yi yankanka a kansa, in ka gama ka mayar da edita kan babban ka fitar. Mai ƙaramar laftof da aka kawo masa 4K, wannan ita ce hanyar da za ta fisshe shi, Premiere da DaVinci Resolve duk sun san wannan tsarin.

Sai maganar kwaliti, a nan ina so mu gaya wa juna gaskiya domin akwai masu tunanin in sun sauke 360p suka juya shi zuwa 1080p zai washe. Ba zai washe ba, girma kawai zai ƙara da nauyi. Duk juyawa ragi ce, kamar ka yi fotokwafin takardar da ita ma fotokwafi ce, kowane zagaye sai rubutun ya ƙara dusashewa, kuma ka tuna wanda ka sauke ɗin Facebook ko YouTube sun riga sun matse shi, kai za ka juya, edita zai sake matsewa wajen fitarwa, TikTok ma su sake nasu. Abin da HandBrake ke ba ka shi ne ikon rage ɓarnar. Akwai wani ma'auni RF a shafin Video, lambar tana ƙasa kyau yana sama, wannan yana rikita sababbi sosai don sun saba babbar lamba ita ce mai kyau. A 22 yake zuwa, wanda ya isa in kallo za a yi, amma in editin zan yi ina saukar da shi wajen 18 ko ƙasa kaɗan tunda na san akwai wata matsar a gaba. Murya kuma in AAC ce tun asali kuma ba ta da matsala, akwai Passthru da zai wuce da ita yadda take ba tare da ya taɓa ta ba. Af, tunda ana maganar kwaliti, masu karɓar aikin biki, ku riƙa roƙon masu aikin su turo muku bidiyo a WhatsApp a matsayin dokumen ba ta galari ba, yana ɗaukar har 2GB kuma ba ya matsewa, wanda aka turo ta galari aka yi ta fowadin daga waya zuwa waya ba manhajar da za ta dawo masa da ransa.

Yanzu inda yake ba ni haushi. Fuskarsa ba ta maraba da baƙo ko kaɗan, ka buɗe ka ga shafuka da lambobi da kalmomin da ko mai Turanci sai ya tsaya, babu Hausa a cikin harsunansa, kuma ba wanda zai ce maka ga wanda za ka taɓa ga wanda za ka bari. Na ga yara masu basira sun buɗe sun rufe sun koma shafukan juya bidiyo na intanet, inda za ka ɗora fayil da datarka ka sake sauke shi da datarka, ga bidiyon bikin mutane da matansu ka miƙa wa wanda ba ka sani ba, wannan ni ba na yi kuma ba na ba kowa shawara. A Windows kuma sai ka fara saka .NET Desktop Runtime na Microsoft kafin ya tashi, sababbin fitowarsa kuma sai Windows 10 zuwa sama, masu Windows 7 sai dai su nemi tsoho.

Yana da karambanin yanke gefe da kansa. In ya ga baƙi a gefen hoto sai ya ɗauka ba a so ya datse, to bidiyon da aka ɗauka da dare a masallaci ko wajen kamu inda gefe ya yi duhu, ka shiga shafin Dimensions ka duba, in ya taɓa ka mayar da Cropping zuwa None. A wannan shafin dai, masu bidiyon tsaye na waya ku kula da Resolution Limit, domin iyakar 1080p ɗin tana iya matse muku tsayin hoton ya dawo ɗan siriri, ni cire iyakar nake yi gaba ɗaya in na ga bidiyon tsaye ne, sannan in kalli lambobin da ya nuna a ƙasa kafin in danna Start.

Sai lokaci da wuta. Juya bidiyo aiki ne da ke shan ƙarfin kwamfuta duka, laftof za ta yi zafi batir ya zube da wuri, kuma in ta mutu a tsakiyar aiki babu ci gaba daga inda aka tsaya, daga farko za ka koma. Akwai Pause in kana kusa ka ga an ɗauke wuta, amma in batirin ya ƙare shi kenan. Shi ya sa dogon karatu gara ka raba shi da Range ɗin nan gida biyu ko uku ka jera su a Queue, wanda ya gama ya gama. Queue ɗin kam, wato layin jiran aiki, abin yabo ne, ka tara fayil goma ka ce masa in ya gama ya kashe kwamfutar, ka je ka kwanta in unguwarku ana barin wuta da dare. In laftof ɗinka na da katin Nvidia ko Intel mai QSV, za ka ga H.264 NVENC ko QSV a jerin, suna da sauri nesa ba kusa ba, kyan ya ɗan ragu kaɗan a kan girman fayil ɗaya amma ga aikin sitatus ba mai ganewa.

Abu biyu da ba ya yi sam kuma na so a ce yana yi: ba ya haɗa bidiyo biyu su zama ɗaya, sannan ba ya iya canza mazubi kawai ya bar hoton yadda yake. Wato ko da fayil ɗinka H.264 ne mai kyau matsalarsa kawai yana cikin MKV, HandBrake sai ya sake juya shi daga tushe, ka yi asarar lokaci da ɗan kyau a banza. Irin wannan aikin Shutter Encoder nake ba wa, shi ma kyauta ne kuma na wani Bafaranshen ne, Paul Pacifico, yana da Rewrap da ke gama wannan cikin daƙiƙoƙi, har sauke bidiyo yana yi. Wani zai ce to me ya sa ba za a koma can gaba ɗaya ba, e ana iya wa, amma ni wajen daidaita firem da matse fayil da jera aiki da yawa hannuna ya fi sabawa da HandBrake kuma bai taɓa ba ni fayil ɗin da edita ya ƙi karɓa ba.

Babu shi a waya, ko Android ko iPhone, in ka ga wani abu mai sunansa a Play Store ba nasu ba ne. Masu editin da CapCut a waya kuma in gajerun bidiyo kuke yi na minti ɗaya ko biyu, gaskiya ba ku da buƙatarsa sosai, wayar da ta ɗauka ta san yadda za ta karanta abinta. Wanda na ce lallai ya saka shi yau shi ne mai aiki a kwamfuta da dogayen bidiyo, masu yanka karatu, masu ɗaukar taro da biki da ake haɗa musu na kyamara da na wayoyin 'yan uwa, da masu tashar YouTube da ke naɗar allo. In ka samu saitin da ya yi maka, MP4 da H.264 da Constant da RF ɗinka da Cropping a None, ka danna Save New Preset ka ba shi suna, ka mayar da shi wanda zai riƙa buɗewa da shi, daga ranar aikinka jawo fayil ne da danna Start kawai.